Yadda Ake Wanke Intalok Da Kula Da Shi A Gida

Daɓen siminti falle ɗaya ne a manne, shi kuwa intalok ƙwaya-ƙwaya ne aka jera a kan shimfiɗar yashi mai kaurin santimita 3 zuwa 4. A ƙarƙashin yashin akwai burji ko marmara da aka danne, a gefe kuma akwai kab na kankare da ya tokare jerin don kada ya buɗe. Abin da ke riƙe kowace ƙwaya da ta kusa da ita shi ne siririn yashin da aka share cikin tsagar da ke tsakaninsu, wadda faɗinta bai wuce milimita 2 zuwa 5 ba. Idan tayar mota ta hau ƙwaya ɗaya, wannan yashin ne ke raba nauyin ga sauran. Ranar da tsaga ta zama fanko, ƙwaya za ta fara motsi, ruwa ya sami hanyar shiga ya kwashe shimfiɗar ƙasa, sai a wayi gari wuri ya lotsa. Saboda haka duk wankin da ya fitar da yashi ba a mayar ba, ɓarna ce, ko da tsakar gidan ta yi fes a ido.

Lokacin da ya dace

Babban wanki sau ɗaya a shekara ya isa, kuma a arewacin Najeriya da kudancin Nijar lokacinsa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. A sannan gansakukar damina tana nan a fili, ciyawa tana ɗanya yadda magani zai kama ta, kuma ana da tabbacin kwanaki a jere babu ruwan sama. Sai kuma a sake zagayawa a Afrilu ko Mayu, kafin ruwan farko, a cike duk tsagar da yashinta ya ragu. Wannan zagaye na biyu ba ya cin rabin yini, amma shi ne ke tare ruwan Agusta.

Tsakanin waɗannan lokuta shara ce aikin. Ƙurar hunturu da busasshen ganyen darbejiya ko mangwaro suna taruwa a tsaga su ruɓe su zama taki, irin ciyawa da iska ta kawo ya sami wurin tsiro. A yi shara sau biyu ko uku a mako. Sai dai a faɗa wa mai sharar kada ya riƙa soka bakin tsintsiyar kwakwa cikin tsaga yana bin layi, domin a hankali yashi yake haƙowa. A share a karkace, ana ƙetare layukan.

Kafin a zuba ruwa, a duba

A kwashe mota, janareta, tukwanen fulawa da duk wani tarkace. A bi filin da ƙafa ana takawa: ƙwayar da ta yi motsi ko ta yi ƙara a yi mata alama da alli ko gawayi. A ɗora miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2 a wuraren da ake zargi. Idan ratar da ke ƙarƙashinsa ta wuce santimita 1, wurin ya lotsa kuma zai riƙa tara ruwa. A duba kab ko ya tsage ko ya jingina waje, a duba ƙarƙashin indararo, gindin tankin ruwa, bakin famfo da saman layin bututun sokawe, nan ne matsala ta fi ɓulla. A buɗe kwata a kwashe abin da ya toshe ta, in ba haka ba ruwan wankin zai dawo ya kwanta a kan aikin.

Tsarin aikin kuwa haka yake: ciyawa da farko, sai gyaran inda ya lotsa, sai tabo, sai wanki, a bari ya bushe, sannan yashi. Wanda ya juya tsarin zai yi aiki biyu.

Ciyawa

Iri biyu ce. Akwai wadda ta tsiro daga sama, saiwarta ba ta wuce tsagar ba. Ita wannan, tsohuwar wuƙa ko lanƙwasasshen ƙarfe ya ishe ta, musamman idan an ɗan jiƙa wurin. Tafasasshen ruwa ma yana kashe ƙananan, kuma ya fi dacewa a gidan da yara ke rarrafe ko kaji ke kiwo.

Ta biyun ita ce mai wahala: kiri-kiri, aya-aya da tofa. Waɗannan suna da saiwa ko 'ya'ya a can ƙarƙashin shimfiɗa, har ledar da wasu ke shimfiɗawa kafin jera intalok suna huda ta. Tuge su ƙara musu ƙarfi ne, ga shi kuma duk tugewa tana fitowa da yashi. Maganinsu shi ne mai bin jikin ciyawa har saiwa, wato gilaifoset, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Roundup da Force Up. A bi ma'aunin da ke jikin gorar. Ga mai ƙarfin giram 360 a lita, abin da aka saba shi ne mililita 150 zuwa 200 a famfon feshi na goyo mai lita 15 ko 16. A fesa a kan koren ganye da safe lokacin da babu iska, kuma kada ruwa ya taɓa wurin na aƙalla awa 6. Kada a yanke ciyawar kafin feshi, ta ganye maganin ke shiga. Sai an yi haƙurin kwana 10 zuwa 14 kafin ta bushe a kankare ta. Aya-aya kan dawo, sai an maimaita.

Maganin nan mai ƙone ciyawa a yini ɗaya, farakwat, ganye kawai yake ƙonawa ya bar saiwa, kuma guba ce mai kisa idan aka sha ko kaɗan ne. Ba shi da wurin zama a gidan iyali. Gishiri da baƙin mai da wasu ke zubawa su ma a bar su. Gishiri yana cin fuskar kankare ya kashe bishiyar da ke kusa, baƙin mai kuwa tabon da zai bari ya fi ciyawar muni.

Tabo: kowanne da maganinsa

Kafin a zuba kowane sinadari a fili, a gwada shi a wani lungu da ido ba ya kaiwa, a jira ya bushe a ga ko launi ya canza. Da yawan intalok da ake bugawa a kasuwanninmu launinsa a fuska kawai yake, 'yan milimita kaɗan, ƙasan farin kankare ne. Idan fuskar ta tafi ba ta dawowa.

Man inji shi ne tabon da ya fi yawa, daga mota, babur ko janareta. Idan sabo ne kada a goga, kada a zuba ruwa. A rufe shi da toka, garin katako ko busasshen yashi, a taka da ƙafa, a bari ya kwana ya tsotse, a share. Sannan a kwaɓa omo da ɗan ruwan zafi ya yi kauri kamar kunu, a shafa, a bari minti 20 zuwa 30, a goge da buroshi mai tauri na roba, a ɗauraye da ruwan zafi. Sau biyu ko uku ake yi kafin ya dusashe. Manja da man gyaɗa ma haka ake musu. Fetur ba maganin tabo ba ne: narkar da man yake ya ƙara tura shi cikin kankare, da'irar ta faɗaɗa, ga haɗarin gobara. Tsohon tabon da ya shekara yana shan baƙin mai kuwa, gaskiyar magana ba ya fita duka. Mafi sauƙi a cire ƙwayoyin a sa sababbi, ko a musanya su da na wani lungu. Juya su ba ya yi, domin bayan ba shi da launi kuma gefensa ba a dadashe yake ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake son mai gida ya ajiye rarar ƙwaya 20 zuwa 30 tun ranar da aka yi aikin. A ƙarƙashin janareta kuma a sa faranti ko tsohon tire mai yashi.

Gansakuka da baƙin danshi suna fitowa a inuwa: bayan ɗaki, gindin tanki, wurin alwala da wanke-wanke. Ban da muni, santsinsu yana kayar da tsofaffi. Maganinsu bilic ne na wanki irin su Hypo ko Jik, waɗanda ƙarfinsu bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba. A haɗa kashi 1 na bilic da kashi 2 na ruwa, idan abin ya yi kauri a yi ɗaya da ɗaya. A fara kankare kaurin da shebur, a yayyafa haɗin da yamma ko da sassafe, domin rana mai zafi tana busar da shi kafin ya yi aiki. A bari minti 15 zuwa 20, a goge, a ɗauraye sosai. A shayar da fulawa da ruwa mai yawa kafin a fara da bayan an gama, kuma kada ruwan ya gangara inda dabbobi ke sha. Idan famfon da ke ɗiga ko bututun na'urar sanyaya ɗaki da ke tsiyaya a wurin ba a gyara ba, gansakukar za ta dawo kafin wata biyu.

Farin gari da ke fitowa a kan sabon intalok yana tayar wa masu gida hankali, har su ce an cuce su da kaya marasa kyau. Ba lallai ba ne. Ruwa ne ke narkar da farar ƙasar da ke cikin siminti ya fito da ita sama, ta haɗu da iska ta daskare. Yawanci damina ɗaya ko biyu da takun ƙafa suna tafiya da shi. A goge shi a bushe da buroshi a share. Wanke shi da ruwa sau da yawa mayar da shi ciki ne ya sake fitowa. Sai wanda ya ƙi tafiya bayan shekara ne ake kai wa asid, kuma nan ne ake yin babbar ɓarna, domin asid ɗin wanke tayil da ake sayarwa a jarka ba a san ƙarfinsa ba, kuma siminti yake ci. Idan ya zama dole, a sa safar hannu ta roba, takalmin ruwa da tabarau. A zuba ruwa a bokitin roba tukuna, sannan a tsiyaya asid a kai, kashi 1 cikin kashi 15 zuwa 20 na ruwa. Ba a zuba ruwa a kan asid, yana fantsama. A jiƙa intalok ɗin sharkaf da ruwa zalla don kada ya tsotsi asid, a yi murabba'in mita ɗaya a lokaci guda, a goge na minti 1 ko 2, a ɗauraye nan take da ruwa mai yawa. Idan aka ga yashi yana fitowa a fuskar ƙwaya, asid ɗin ya yi ƙarfi, a tsaya.

Asid da bilic ba sa haɗuwa, ko a bokiti ko a ƙasa. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kilorin mai shaƙe numfashi. Da yawan magungunan wanke masai ma asid ne. Idan an yi aiki da ɗaya yau, a ɗauraye, a bar ɗayan sai wata rana.

Tsatsa tana zuwa daga ƙafar tanki, get, tsohon ƙarfe da aka jingine, ko ruwan burtsatse mai ƙarfe a ciki. Bilic ƙara kafa ta yake. Ƙaramin tabo ruwan lemun tsami yana rage shi. Babba kuwa sai garin asid ɗin da ake kira okzalik, kimanin giram 100 a lita 1 na ruwan ɗumi, a bari minti 10, a goge, a ɗauraye.

Jinin layya da na yankan suna ruwan sanyi ake zuba masa tun yana ɗanye. Ruwan zafi dafa shi yake ya kama kankare. Abin da ya saura omo da ɗan bilic suna fitar da shi. Ya fi kyau a yi yankan a kan ƙasa ko a shimfiɗa leda mai kauri, domin jinin da ya shige tsaga yana wari ya jawo ƙuda. Kashin awaki, na tattabara, tofin goro da ruwan ganye duk haɗin bilic ɗin gansakuka yana ɗauke su. Wutar girkin biki kuma kada a hura ta kai tsaye a kan intalok, zafi yana fasa fuska ya ƙone launi. A zuba yashi mai kaurin santimita 10 a ɗora kwanon rufi tukuna. Haka magina, kada a bari su kwaɓa siminti a kai. Wanda ya riga ya daskare sai a ɓanɓare shi a hankali da kurfi, ko a canza ƙwayar.

Wankin gaba ɗaya

Wankin hannu ya fi aminci, kuma ga tsakar gida matsakaiciya ya wadatar. A zuba omo kamar cikin gwangwanin madara ɗaya a bokiti mai lita 15. A raba filin gida-gida, kamar mita 2 sau 2, a fara daga wuri mafi tudu, wato jikin gini, ana gangarowa wajen kwata. A jiƙa, a zuba ruwan omo, a goge da buroshi mai dogon hannu a karkace, a ɗauraye kafin kumfa ta bushe, domin idan ta bushe tana barin farin zane. Buroshin waya na ƙarfe yana karce fuska, kuma guntayensa suna yin tsatsa a kai. Wajen ɗauraya a kwantar da bakin tiyo ruwa ya bi saman fili, kada a tsayar da shi cikin tsaga.

Injin wankin mota yana saurin aiki, yana kuma saurin ɓarna. Idan za a ɗauko masu shi, mai gida ya tsaya a kansu. A sa bakin da ke watsa ruwa a baje, ban da mai fitar da shi tsinin allura. A riƙe shi nesa da ƙasa da aƙalla santimita 30, a karkace, ana tafiya ba tsayawa wuri ɗaya, kuma ana ƙetare layuka. A fara da ƙarfi mafi ƙanƙanta. Intalok ɗin da aka yi wa rowar siminti, wanda ƙusa ke iya karce shi ya yi gari, bai kamata inji ya taɓa shi ba sam. Ko da an bi duk wannan, inji zai fitar da yashin tsaga santimita 1 zuwa 2, don haka kada a hau da mota sai an mayar.

Mayar da yashi

A bar filin ya bushe ƙarau, kwana 1 zuwa 2 na rana. Danshi a cikin tsaga yana sa yashi ya maƙale a baki ya bar rami a ƙasa, a ga kamar ta cika alhali fanko ce.

Yashin kogi mai tsabta ake so, marar laka. A gwada shi: a jiƙa kaɗan a dunƙule a hannu, idan ya riƙe siffa ya ɓata tafin hannu, laka ta yi yawa, zai zama gonar ciyawa. A shanya shi a kan leda har ya riƙa zuba ta tsakanin yatsu, a tankaɗe da ragar taga don fitar da tsakuwa. Ga ƙwaya mai santimita 20 da 10 da kaurin 6, wadda guda 50 ke cika murabba'in mita, tsagar da ta zama fanko gaba ɗaya tana cin kusan kilo 4 a murabba'in mita. Ke nan kwanon sarki ɗaya zai cika murabba'in mita 6 ko makamancin haka, idan kuma ciko ne kawai zai kai 15 zuwa 20.

A watsa yashin, a share shi da tsintsiya mai laushi gaba da baya, a karkace, har tsaga ta daina sha. Sannan a girgiza shi ya zauna. Babban fili a yi hayar injin daɓe mai faranti, a sa masa shimfiɗar roba ko tsohon kafet don kada ya karce launi. Ƙaramin fili a ɗora guntun katako ana bugawa da guduma. Za a ga yashin ya sauka, a ƙara, a maimaita har ya tsaya daidai ƙasan dadashen gefen ƙwaya, kamar milimita 3 ƙasa da fuska. A share rarar. Bayan mako biyu a sake dubawa a ƙara.

Wasu magina suna ba da shawarar a gauraya siminti a yashin don a huta da ciyawa. Hutun na ɗan lokaci ne. Intalok yana ɗan motsi a ƙarƙashin nauyi da zafin rana, simintin zai tsattsage ya ɓalle, ciyawa ta fito ta tsagar, fuskar ƙwayoyi ta yi dabbare-dabbaren toka, kuma ranar da bututu ya fashe a ƙasa sai an farfasa kafin a ɗaga.

Idan tururuwa ko gara suna fito da yashi suna tarawa, a kashe gidan da maganin ƙwari tukuna, sannan a cike.

Gyaran inda ya lotsa

A fara da gano dalili, in ba haka ba wurin zai sake lotsawa. Dalilan da aka fi gani su ne bututu mai yoyo, ramin da aka haƙa aka mayar da ƙasa ba a danne ba, ruwan indararo da ke dukan wuri ɗaya, kab da ya buɗe, ko tankar ruwa da tifa da ke shiga kan intalok mai santimita 6, alhali manyan motoci mai santimita 8 suke buƙata da ƙasa mai ƙarfi.

A ɗauki hoton jerin da waya. A kankare yashin da ke kewaye da ƙwaya ɗaya, a soka manyan sukundireba biyu a gefe da gefe, a ɗaga a hankali ana jijjigawa. Ta farko ce mai wuya, idan ta ƙi a fasa ta a maye da rara. A cire har layi biyu bayan iyakar lotsawar, a kankare gefen kowace ƙwaya, domin ɗan yashin da ya manne zai hana ta ƙarshe shiga. A kwashe yashin shimfiɗa. Idan ƙasan ta jiƙe ta yi taushi a haƙe ta har a kai mai tauri, a cike da burji ko dakakken dutse hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 10, ana yayyafa ruwa ana dannewa da madaɓi. Kuskuren da aka fi yi shi ne cike ramin da yashi zalla. Yashin da ya wuce santimita 5 kauri zai sake lotsawa.

A shimfiɗa sabon yashi mai kaushi, a ja shi da katako ya daidaita, yadda idan an ɗora ƙwaya za ta ɗara na kusa da ita da kamar milimita 5, domin bugu zai saukar da ita. A kula da gangara: kimanin santimita 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa kwata. A jera bisa hoton, a buga da gudumar roba, a duba da katako, a cike tsaga. A ƙarƙashin indararo a sa bututu ya sauko da ruwan har kwata, ko a ajiye falalen kankare inda yake zuba. Kab da ya jingina a tone bayansa, a miƙar da shi, a tokare da kankare na siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, a ba shi kwana 3 kafin a matsa masa jeri.

Man kariya

Akwai man da ake shafawa mai fito da launi, mai hana tabo saurin kamawa, yana kuma ɗan ƙanƙame yashin tsaga. 'Yan kasuwa sila suke ce masa. Ba dole ba ne, amma yana da amfani a wurin ajiye mota. Ba a shafa wa sabon intalok sai ya yi aƙalla wata 3 zuwa 6 kuma farin gari ya gama fita, in ba haka ba an kulle shi a ciki. Filin ya kasance a wanke, tsaga a cike, ya yi kwana 2 zuwa 3 a bushe, domin danshi yana sa man ya yi fari-fari. A shafa da rola siriri-siriri sau biyu, da sassafe ko bayan la'asar lokacin da ƙasa ta huce. Lita 1 takan rufe murabba'in mita 4 zuwa 6 a shafin farko. A hana taku na awa 24, mota kuma kwana 2 zuwa 3, ko yadda aka rubuta a jikin gwangwani. Rana irin tamu tana cinye shi cikin shekara 2 zuwa 3, kuma mai ƙyalli sosai yana santsi idan ya jiƙe, don haka a wurin alwala da bakin famfo a zaɓi marar ƙyalli. Fentin bango ko na mai kuwa ba ya zama a intalok, tayar mota mai zafi tana ɗaye shi tun kafin damina ta zagayo.